Kawu Mai Tifa da Ranar da Muka Faɗa Rukuni na Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar.

A zaman makoki na lura mutane sun rasa abin faɗa. Kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi," sannan ya yi shiru yana kallon tabarma. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce mai haƙuri ne, don duk Gyadi-Gyadi an san ba shi da shi. Wani dattijo daga Unguwar Gano ya fara cewa, "Marigayi mutum ne mai sanyin..." sai ya dubi fuskokin mutane, ya haɗiye sauran. Daga cikin gida kuma na jiyo Inna, matar Kawu, tana ce wa mata, "Ku daina cewa bai taɓa ɗaga murya ba. Tun ina amarya nake jin muryar nan, har kajin gidan nan sun san ta."

Can sai ga tsohon mahaucin layinmu, jikokinsa na riƙe da shi. Muƙamuƙinsa a karkace yake, da gefen baki yake magana. Ya zauna, ya fashe da kuka irin na yara. Da ya sarara sai ya kama haɓarsa ya nuna wa jama'a.

"Kun ga wannan? Aikinsa ne. Naushi ɗaya. Kuma wallahi da bai yi ba, da yau ina da jinin mutum a wuyana."

Samarin wurin suka dubi juna. Taubashina, ɗan Kawu na fari, wanda ke karɓar gaisuwa da ƙafarsa ta dama a miƙe don ba ta lanƙwasuwa, ya sunkuyar da kai. A nan na gane yaran yanzu tsoho mai ido ɗaya da faɗa kawai suka sani. Mu da muka ga yadda idon ya tafi mun kusa ƙarewa, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu direban tifa ne. Da ƙuruciyarsa a ƙauye ya yi dambe, hannunsa na dama kuwa bai manta ba har ya tsufa. Yashi yake ɗebowa daga kogi yana kai wa masu gini a Tarauni, lokacin da tsakaninmu da Darmanawa duk gonaki ne da kududdufai. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wani ɗan tasi ya manta, ya nufo Kawu gaba da gaba a kan titin Zariya. Kawu ya taka birki har yashi ya zubo kan motar. Ya sauko, ya zaro mutumin ta taga da wuyan riga, ya zabga masa mari har hularsa ta faɗa kwata. Da ya ga jikin mutumin na rawa, sai ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa daga galan ɗinsa, ya tura masa tasin zuwa ɗaya hannun da kansa. Haka yake. Duka da taimako a hannu ɗaya suke fitowa, ba ka san wanda zai fara zuwa ba.

Wata damina ruwa ya shiga gidan maƙwabcinmu kafinta, Kirista ne mutumin kudu, da matarsa da 'ya'ya ƙanana. Ba wanda ya roƙi Kawu komai. Da gari ya waye sai muka ji tifa ta juye yashi a ƙofar gidan, shi da kansa ya ɗauki shebur yana tare ruwan. Kafintan ya fito yana ta godiya.

Kawu ya ce, "Malam, matsa min, kana tsaye a kan hanya."

Maganganunsa ba su da yawa. Kowa "ragon banza" ne a wurinsa, har liman in ya ja salla da sanyin jiki. In yaro ya zo da kuka sai ya ce, "Ni ban iya lallashi ba, tafi wajen uwarka." Doka ɗaya na san yana da ita, wadda ya taho da ita daga filin dambe: wanda ya faɗi ƙasa ba a taɓa shi, sai a jira ya tashi.

Shi ya kafa kulob ɗin unguwarmu, da leburori da karnukan mota da kanikawa. Bai taɓa buga ƙwallo a rayuwarsa ba, amma shi ne koci. Atisayenmu gudu ne a bayan tifa, yana leƙe ta madubi, wanda ya makara kuma ya sha bulala da fanbel ɗin mota a gadon baya. A bodin tifar yake kai mu wasa. Wata rana da aka lallasa mu, muna dawowa ya tsaya a kan tulin yashi, ya ɗaga bodin, ya juye mu gaba ɗaya kamar kaya, ya ja motarsa ya tafi. Duk da haka, da wannan zafin nasa ya kai mu rukuni na ɗaya a gasar birni, inda manyan kulob-kulob suke, inda masu ƙungiyoyin kamfanoni ke zuwa kallo su ɗauki yaro su ba shi aiki. Ni ɗan baya nake bugawa. Taubashina shi ne ɗan gabanmu, kuma duk yankin ba mai ƙafarsa.

Kasancewarsa ɗan fari, Kawu ba ya kiran sunansa. "Yaron nan" yake ce masa, ko "wancan." Kuma ba wanda ya sha dukansa kamar shi.

A farkon kakar da nake ba da labari muka samu fenariti a wani wasa, Taubashi ya tsaya yanga, ya buga sanyi-sanyi, gola ya kama, aka ci mu. A hanyar dawowa wani ya faɗi abin dariya a bayan mota, Taubashi ya ƙyalƙyale. Kawu ya hango ta madubi. Ya tsayar da tifa a tsakiyar titi, ya ce, "Wancan ya sauko." Yana dirowa Kawu ya sakar masa mari da hannun daman nan. Kansa ya bugi ƙarfen bodi, haƙori ya fita, jini ya wanke masa riga, mutanen kasuwa na kallo. Taubashi ya cire rigar kulob ɗin, ya ajiye a kan taya, ya juya da ƙafa ya nufi Tarauni, gidan dangin uwarsa. Ba a jima ba muka gan shi sanye da rigar kulob ɗin Tarauni.

Mahaifiyata ta je ta samu Kawu.

"Yaya, ɗanka ne fa. Ka aika ya dawo."

"Ɗana ba ya dariya bayan an ci shi."

"To ka cire masa haƙori a bainar jama'a, me kuma kake so?"

"Ki tashi ki tafi gidanki."

Inna kuwa ta daina yi masa magana sai abin da ya zama dole. Kullum tana zuba tuwon ɗanta a kwano, ta aika Tarauni a gaban idon Kawu, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ba mu ji daɗin kakar nan ba. Da Taubashi ya tafi sai muka rasa mai jefa ƙwallo a raga. Su ma Tarauni ba su tsinana komai ba, don shi kaɗai suke da shi, bayansu a buɗe yake. Da aka zo wasan ƙarshe, mu da su ne a ƙasan kowa, ɗaya daga cikinmu zai faɗa rukuni na biyu, kuma mu za mu kara da juna. Makinmu ɗaya, amma sun fi mu yawan ƙwallaye, saboda haka canjaras ya ishe su. Mu sai mun ci.

Wanda bai zauna a wurin ba zai ce ai wasa ne. Gyadi-Gyadi da Tarauni titi ɗaya muke bi, kasuwa ɗaya muke ci, muna auren juna. Wanda ya faɗi, shekara guda zai yi ba ya iya zama a teburin mai shayi. Mahaucin nan, lokacin yana saurayi ƙaƙƙarfa, shi ne shugaban magoya bayanmu. Tun ana sauran kwanaki ya sa aka haɗa makara ta kara, aka lulluɓe ta da ƙyalle mai launin rigar Tarauni, suna zagaya unguwa da ita da ganga.

Ranar wasan, bayan azahar, Kawu ya kira ni gefen mota.

"Kai za ka tsare wancan. Taubashinka ne, ka san ƙafarsa. In ya wuce ka, kada in ƙara ganinka a gidana."

Ina fitowa daga zaure sai Inna ta riƙo min riga ta baya.

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah a kan ƙafar ɗana."

Da maganganun nan biyu na shiga fili.

Filin wata makaranta ne da ke tsakanin unguwannin biyu, an kewaye shi da igiya. Bazara ce, zafi kamar ƙasa za ta kama da wuta. Mutane sun cika har kan bishiyoyi da katanga, mutanenmu a gabas, na Tarauni a yamma, 'yan sanda kuwa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. A gefen filin ana ginin sababbin azuzuwa, ga tulin duwatsu da bulo a jibge.

Tun busar farko ba ƙwallo ake bugawa ba, ƙafafu ake bugawa. An fasa wa golanmu gira, aka ɗaure masa da tsumma ya ci gaba. Wani ɗan bayansu ya sha gwiwar hannu a maƙogwaro, aka fitar da shi yana kakari. Rafali, wani siririn malamin makaranta, sai ya kai usur baki ya dubi jama'a ya sauke. Kafin hutun rabin lokaci muka samu bugun kwana, aka yi ta turmutsutsu a bakin raga, wani kanikenmu ya tura ƙwallo ciki da gwiwa. Gabas ta ɗauka da ihu, aka ɗaga makara sama ana juyi da ita. Da muka fito hutu kaniken na ta tsalle, Kawu ya make masa ƙeya.

"Ragon banza! An tashi ne?"

Da aka dawo sai muka koma gida gaba ɗaya muna tarewa. Duk lokacin da ƙwallo ta je wajen Taubashi, mutanenmu sai su ɗauka: "Maci amana! Ɗan da ya ci amanar ubansa!" Suna jifansa da ƙwallon mangwaro da ɓawon rake. Ina manne da shi kamar riga. Na ture shi, na taka shi, ya mayar min, ba wanda ya ce wa wani komai, mu da kullum sai mun tsokani juna. Sau ɗaya na ga ya saci kallon benci inda ubansa ke tsaye.

Rana ta yi ƙasa, mutanenmu sun fara waƙar nasara, sai golansu ya narko wata doguwar ƙwallo ta wuce kan kowa. Daga ni sai shi. Muka zuba da gudu kafaɗa da kafaɗa. Na banke shi da iya ƙarfina, ya yi tangal-tangal har ya dafa ƙasa da hannu, amma bai faɗi ba. Ya miƙe, ya ja ta taku ɗaya, ya sake ta. Ƙarar raga kawai na ji.

Bai yi murna ba. Tsayawa ya yi a wurin, ya ɗora hannu biyu a ka. Aka mayar da ƙwallo tsakiya, ba a daɗe ba rafali ya busa tashi, yana busawa yana gudu wajen kekensa.

Bai kai ba. Igiyar gabas ta faɗi, mutane suka kwararo. Daga cikin makarar nan aka zaro goruna, ashe tun farko a ciki suke. Na Tarauni su ma ba hannu sake suka zo ba. Kafin ka ce me, duwatsun ginin nan sun fara yawo a sama. Na ga an yaga rigar rafali, an fasa masa kai, an tattake kekensa. Na ga wani yaron Tarauni zaune a ƙasa jini na fita ta kunnensa, yana kallon mutane kamar bai san inda yake ba. 'Yan sandan suka tsallake katanga. 'Yan wasa kowa ya yi ta kansa.

Taubashi bai gudu ba. Ina jin bai zaci mutanen da suka yi masa goyo yana yaro za su taɓa shi ba. Suka rufe shi a bakin raga. Na nufi wurin ina ihu, "Ɗan Kawu ne! Ɗan Kawu ne fa!" Gora ta sauka a ƙeyata, na kifa. Daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, na hango shi kwance ya rufe kai da hannu, suna shuri. Wani ya ɗauko bulo da hannu biyu ya sakar masa a gwiwa. Har yau in aka fasa icen wuta kusa da ni sai gabana ya faɗi. Sai ga mahaucin ya ture mutane, idonsa jajur, da wuƙar fawa a hannu, yana cewa, "Ku ba ni shi! Ku ba ni maci amanar!"

A nan na ji muryar Kawu. Sunan ɗansa yake kira. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya kira shi da ƙarfin da ya rufe ganga da ihu duka, ya sake kira, yana tahowa yana watsar da mutane hagu da dama, ba komai a hannunsa. Mahaucin ya waiwayo. Naushi ɗaya Kawu ya yi masa, wuƙar ta yi gefe, shi ya yi gefe, bakinsa a wargaje.

Kawu ya raba ƙafa a kan ɗansa ya tsaya.

"Ya faɗi! Ba ku gani ba ne? Ya faɗi! Ga ni a tsaye, wanda ya isa ya zo!"

Suka kuwa zo. Waɗanda ke gaba sun san shi sun ja baya, amma na baya ba su ma san wa ake duka ba, turowa kawai suke. Gora ta karye a kafaɗarsa. Ya kama wani ya maka shi da ƙasa, ya kama wani. Sai dutse ya taho daga wajen ginin ya same shi a idon hagu. Ya dafe wurin, jini na bin yatsunsa, ya durƙusa. Na ce shi ke nan. Amma kifawa ya yi a kan ɗansa, ya rufe shi da jikinsa, ya bar musu bayansa. Suka yi ta zuba masa, bai motsa ba, har motar 'yan sanda ta iso aka harba barkonon tsohuwa, fili ya watse.

Da hayaƙin ya lafa, takalma da huluna da mutane ne zube ko'ina. Kawu ya tashi da ƙyar, ya ɗaure fuskarsa da rawanin wani, ya saɓi ɗansa a kafaɗa ya kai bodin tifa. Ya juyo ya gan mu tsaye muna tari.

"Ragwayen banza, me kuke kallo? Ku kwaso su!"

Wani ya ce, "Kawu, har na Tarauni?"

"Na ce ku kwaso su."

Muka kwaso kowa, da rafali, da yaron mai jini a kunne, da mahaucin da ke gurnani. Ni na riƙe ƙafar Taubashi a cinyata don kada ta yi lilo. Kawu da kansa ya ja motar har asibiti. Ya tsaya, ya kashe ta, ya buɗe ƙofa, yana sa ƙafa a ƙasa ya zube.

Likitoci sun cire idon. Gwiwar Taubashi ta haɗe a sandare, bai sake buga ƙwallo ba, daga baya ya koyi ɗinki. Yaron Tarauni ya kurmance a kunne ɗaya. Mahaucin ya yi zaman gidan yari, ya fito ya daɗe ba ya bi ta ƙofar Kawu. Mai tifar da Kawu ke yi wa tuƙi ya karɓi mukullinsa, ya ce ba zai ba mai ido ɗaya mota ba, Kawu ya koma buga bulo. A unguwa kuma wasu suka ce sayar da wasan ya yi don ɗansa, suka daina gaishe shi, har aka yi ta jifan kwanon gidansa. Bai taɓa ba kowa amsa ba.

Daga asibiti gida ya sa aka wuce da ɗansa, ba Tarauni ba. Amma magana ba ta haɗa su. Ɗaya na ɗaki, ɗaya na zaure, Inna na kai saƙo tsakani. Wata rana ta ajiye kwano da ƙarfi a tsakar gida ta ce, "Kun huta? Ɗaya ba ido, ɗaya ba ƙafa. Allah ya isa tsakanina da ƙwallo."

Na ɗauka Kawu ya bar harkar ke nan. Sai ga shi da kakar ta zagayo ya aiko a tara mu. Rabinmu sun watse. Wasanmu na farko a rukuni na biyu a wani fili ne bayan Ƙauyen Alu, cikin gonaki, sai da muka kori awaki kafin a fara, 'yan kallo kuwa yara ne da masu kiwo. A ƙafa muka je. Ni ina benci ranar, don ƙeyata ba ta gama warkewa ba. An fara ke nan sai ga Taubashi a bayan keken wani, da sandarsa. Ya sauko, bai gai da kowa ba, ya zauna can ƙarshen benci, ta hagun Kawu.

Kawu na ta juya kai gaba ɗaya yana bin ƙwallo, tana kuɓuce masa. Can aka yi ƙara ta gefen da ba ya gani, yara suka sa ihu. Ya juya bai samu komai ba. Ya yi tsaki. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Kai, yaron nan. Me ake yi a can?"

Taubashi ya ce, "An kwashe ɗan gabanmu, Baba. Rafali bai busa ba."

"Ya tashi?"

"Ya tashi."

"To matso, ba na jin ka."

Ya ja sandarsa ya matso har kafaɗarsu ta haɗu. Ya ci gaba da gaya masa abin da ke faruwa a gefen, Kawu na zagin 'yan wasa da abin da aka gaya masa. Ranar ma an ci mu. Ba mu sake komawa rukuni na ɗaya ba, bayan 'yan shekaru kulob ɗin ya mutu, aka yi gidaje a filin atisayenmu. Amma gefen hagun Kawu ya zama wurin Taubashi, a sahun masallaci, a tsallaka titi, a ɗaurin aure, har kan gadon da ya cika. A wannan gefen yake zaune, yana gaya masa wanda ya shigo da wanda ya fita, lokacin da Kawu ya daina amsawa.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka da zafin hannunsa, ka yafe masa. Ka dubi abin da ya tare da bayansa ranar nan, ka lulluɓe shi da rahamarka kamar yadda ya lulluɓe ɗansa.